An kwashe maka kuɗi a asusu? Ga abin yi tun daga mintin farko

Wata Juma'a bayan la'asar yayana ya kira ni. Daga sallamarsa na san ba lafiya ba. Ya ce, "Ƙanina, ina jin an cuce ni." Wani ne ya buga masa waya da Hausa tsantsa, yana ta "ranka ya daɗe, Alhaji", ya faɗi cikakken sunansa da ranar haihuwarsa, ya ce daga banki yake, kuma za a rufe asusunsa a daren nan saboda ba a haɗa shi da NIN ba. Ya ce zai taimaka masa ya huta da zuwa layi, abin da ake buƙata kawai ya karanto lambar da za ta shigo wayarsa. Yaya ya karanto. Kafin ya mayar da wayar aljihu alat uku sun shigo, duka na fitar kuɗi.

Na ce, "Yaya, yaushe abin ya faru?" Ya yi shiru, sannan ya ce tun bayan saukowa daga masallaci. Kusan awa biyu ke nan yana zaune a shago yana jin kunyar ya faɗa wa kowa. Waɗannan awanni biyun su suka fi ci mana rai daga baya, domin mun samu an riƙe wani kaso na kuɗin a asusu ɗaya da ba a riga an kwashe ba, sauran kuwa sun riga sun yi nisa. Wanda ya yaudare shi sana'arsa ke nan, kullum a kanta yake kwana yake tashi, ya damfari malamai da 'yan boko da ma'aikata. Saboda haka in abin ya same ka, ajiye kunya gefe, ka bi waɗannan matakan a jere yadda suke.

Kulle asusun kafin ka yi komai

Kada ka tsaya kiran lambar da ta yaudare ka, kada ka tsaya rubutu a Facebook, kada ka ce sai Litinin ka je banki. Sau da yawa da gangan suke zaɓar yammacin Juma'a ko jajibirin sallah, don sun san ƙofar banki a rufe take.

Hanya mafi sauri ita ce lambar kulle asusu da ake dannawa a waya. Ba ta buƙatar data, kuma an yi ta ne yadda za ka iya amfani da wayar wani in taka ce aka sace: za a tambaye ka lambar wayar da ke kan asusun ko lambar asusun. Bankuna da dama sun ƙara 911 ne a kan lambarsu ta yau da kullum. Access na da *901*911#, Zenith *966*911#, First Bank *894*911#, UBA *919*911#. Na GTBank *737*51*74# ne, na OPay kuma *955*131#. Irin waɗannan lambobi kan canza, don haka tun yau da kake cikin kwanciyar hankali ka tabbatar da ta bankinka daga bakin ma'aikacinsu ko daga cikin manhajarsu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In har yanzu kana iya shiga manhajar, shiga ka rufe katinka na ATM, ka canza lambar sirri ta tura kuɗi da kalmar sirri ta shiga. In akwai sauran kuɗi kuma kana da wani asusu a wani banki da abin bai shafa ba, tura su can kafin ka kulle, amma in hakan zai ɗauke ka fiye da minti ɗaya ko biyu, kulle kawai. Kuɗin da aka kulle naka ne, za a buɗe maka idan ka je da katin shaida.

Daga nan ka kira bankin. Lambar da za ka kira ita ce wadda ke bayan katinka ko a cikin manhaja. Kada ka nemo ta a Google ko a ƙarƙashin wani rubutu a Facebook, domin akwai lambobin bogi jibge a can suna jiran wanda ya ruɗe. Tun 2015 Babban Bankin Najeriya, CBN, ya umarci bankuna su buɗe teburin yaƙi da zamba mai aiki dare da rana, to shi za ka ce a haɗa ka da shi. Faɗi magana a taƙaice: an fitar da kuɗi ba da izinina ba, nawa ne, ƙarfe nawa, zuwa wane asusu a wane banki, ina so a dakatar da fitar kuɗi daga asusuna, a kuma sanar da bankin da kuɗin suka shiga ya riƙe su. Wannan dakatarwar ita ma'aikatan banki ke kira PND. Kafin ka ajiye waya ka karɓi lambar ƙorafinka ka rubuta.

Layin wayarka shi ne mabuɗin gidan

Mutane da yawa na kulle asusu su manta da layi, alhali ta nan ɓarawon ya shigo. Duk lambar tabbatarwa da banki ke turowa, wato OTP, kan layin take sauka. Wanda ya riƙe sim ɗinka zai iya danna *565*0# ya ga BVN ɗinka, daga nan ya bi bankuna ɗaya bayan ɗaya yana gwada inda kake da asusu, har ma ya ci bashi da sunanka a manhajojin ba da rance. Shi ya sa mai fizgen waya ya fi ƙaunar sim ɗin a kan wayar kanta.

In wayar aka sace, kira kamfanin layin da wata wayar a rufe shi nan take, sannan ka je ofishinsu da NIN ɗinka a yi maka welkam bak. In kuwa wayar na hannunka amma sabis ya ɗauke ɗif, na kusa da kai masu irin layinka suna da shi, kai ba ka da shi har tsawon lokaci, kada ka ce matsalar netwok ce ka kwanta. Yana yiwuwa wani ya yi welkam bak da layinka. Kulle asusun tukuna, sannan ka bincika. In kamfanin layin bai saurare ka ba, hukumar sadarwa ta NCC na da lambar ƙorafi ta kyauta, 622.

Akwai wata dabara da ba kowa ya sani ba. Mai damfara kan sa ka danna wasu lambobi masu farawa da taurari, wai don a gyara maka layi ko a ba ka kyautar data, alhali karkatar da kiranka yake yi zuwa wayarsa, don lambar tabbatarwa da ake faɗa ta kiran murya ta sauka wurinsa. Danna ##002# ka kira, zai soke duk wata karkatar da kira da ke kan layin.

Tara shaida, kada ka goge komai

Ɓacin rai kan sa mutum ya goge saƙon ya toshe lambar. Kada ka goge. Ɗauki hoton fuskar wayar na kowane alat, da saƙon yaudarar, da lambar da ta kira ka da lokacin kiran, da adireshin shafin da ka shiga in linki ne ka taɓa. Abin da ya fi duka muhimmanci shi ne rasit ɗin kowace tura kuɗi. Kuɗin da aka tura daga banki zuwa banki suna bi ta tsarin NIBSS ne, wato kamfanin da ke haɗa bankunan Najeriya wajen tura kuɗi, kuma kowace turawa na da lambarta mai tsawo, alƙaluma 30, wadda ake rubutawa Session ID a kan rasit. Da ita bankuna biyu ke gane zancen turawa ɗaya suke yi. Nemi bayanin shige da ficen asusunka na ranar, a ciki za ka ga sunan wanda aka tura wa da bankinsa.

Ƙorafi a rubuce, da gaskiyar abin da ke biyo baya

Kiran waya yana tsayar da jini ne kawai. Ranar aiki ta farko ka je reshen bankin da wasiƙa, kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a kan naka. In asusun na kamfanonin waya ne irin su OPay, PalmPay, Moniepoint ko Kuda, shigar da ƙorafin ta cikin manhaja da imel ɗinsu, ka adana lambar da suka ba ka. Faɗi gaskiyar yadda abin ya faru. In kai ka karanta lambar, ka ce kai ka karanta. Ɓoyewa ba ta da amfani domin na'urarsu za ta nuna, kuma ƙarya ɗaya na iya rushe duk ƙorafin.

Bari in faɗa maka yadda kuɗin ke tafiya don ka gane dalilin gaggawar. Cikin daƙiƙoƙi suke sauka a asusun farko, wanda yawanci na wani ne da aka ara ko aka saya ko aka buɗe da bayanan sata. Daga nan a rarraba su zuwa wasu asusai, a cire wasu a wurin masu POS, a zuba wasu a shafukan caca ko a sayi kirifto. Abin da aka tarar bai fita ba shi ake iya riƙewa. Kuma riƙewa daban, dawo maka da su daban: bankin da ya riƙe ba ya cire kuɗi daga asusun abokin hulɗarsa a kan maganarka kawai, sau da yawa sai an kawo rahoton 'yan sanda da umarnin kotu. Don haka je ofishin 'yan sanda ka shigar da rahoto ka karɓi takarda. Rundunar na da cibiya ta musamman ta laifukan intanet a Abuja, kuma EFCC na karɓar takardar koke a ofisoshinta na shiyya, har da Kano, Kaduna, Sakkwato, Gombe da Maiduguri. Dokar laifukan intanet ta 2015, wadda aka yi wa gyara a 2024, ta haramta wannan aiki ƙarara, don haka ba alfarma kake nema ba.

In mako biyu suka wuce banki bai warware ba ko bai ba ka amsa mai gamsarwa ba, kana da damar kai ƙara sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna na CBN, ta imel ɗin cpd@cbn.gov.ng ko ta wasiƙa a reshen CBN na jiharku. Haɗa da lambar ƙorafin farko da kwafin wasiƙar mai hatimi, domin abin da za su fara tambaya ke nan. Ba zan yi maka alkawarin kuɗin za su dawo ba, musamman in da bakinka ka ba da lambar. Amma na ga waɗanda suka samu wani abu, kuma dukkansu masu saurin kai rahoto ne da naci wajen bibiya.

Share gidan gaba ɗaya

Ɓarawon da ya shiga ɗaki ɗaya ya ga ƙofar sauran. Fara da imel, domin ta nan ake sake saita kalmar sirrin kusan komai. Canza kalmar sirrin Gmail daga wata waya ko kwamfuta da ka amince da ita, duba jerin na'urorin da ke ciki ka fitar da wadda ba ka sani ba, duba ko an canza lambar waya ko imel na dawo da asusu, ka kuma kunna tabbatarwa mai mataki biyu. Sai sauran asusanka na kuɗi duka, ko da ba a taɓa su ba, musamman in lambar sirri ɗaya kake sa musu. Katin da ka rubuta lambobinsa a wani shafin bogi ya mutu ke nan, karɓi sabo.

Duba manhajojin da ke kan wayar. In an taɓa turo maka wani fayil ta WhatsApp aka ce ka sauke, ko wani mai kiran kansa ma'aikaci ya sa ka sauke AnyDesk ko TeamViewer don ya "gyara" maka, cire su. Da irinsu mutum na ganin fuskar wayarka daga inda yake. In zuciyarka ba ta kwanta ba, kwashe hotuna da lambobinka ka mayar da wayar yadda ta fito daga kamfani.

In WhatsApp ɗinka aka ƙwace, sake shigar da lambarka, lamba mai alƙaluma 6 za ta zo ta saƙo, da ka sa ta an fitar da wanda ya ƙwace. In ya riga ya sa tasa lambar sirrin ta mataki na biyu, za ka jira kwana 7 kafin ka shiga ba tare da ita ba, amma shi dai ya fita. Kafin nan ka sa wani ya sanar a zaurukan dangi da na kasuwa cewa duk wanda ya ga saƙon neman kuɗi daga gare ka kada ya tura. Bayan wata ɗaya ko biyu ka nemi rahoton bashinka daga kamfanonin da ke ajiye tarihin bashin mutane, wato CRC, FirstCentral ko CreditRegistry, ka ga ko an ci rance da sunanka.

Sai kuma ɓarawo na biyu. Da ka yi kuka a fili za ka ga saƙonni: wannan ya ce shi ma'aikacin bankin ne, wancan ya ce ya san wani gwani da ke dawo da kuɗin sata, a biya kuɗin aiki kawai. Kada ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago. Babu wani mai kwamfuta da zai shiga banki ya ciro maka kuɗinka.

Yadda ake gane ƙugiya kafin a haɗiye ta

Duk wannan damfara kamun kifi ce: tana a baki, ƙugiya a ciki. Tanar iri biyu ce, tsoro ko kwaɗayi, kuma koyaushe da gaggawa a tare. Abin da ke sa ta ci shi ne suna ɗora ƙaryarsu a kan labarin gaskiya. Da aka fara haɗa layuka da NIN a Disambar 2020, sai ga saƙonnin "za a rufe layinka". Da CBN ya fitar da umarni a Disambar 2023 cewa kowane asusu sai da BVN ko NIN, sai ga kiran "za a rufe asusunka", irin wanda ya ci yayana. Bayan cire tallafin man fetur a 2023, sai linkin rajistar tallafi ya cika zauruka. Ƙarancin takardun naira a farkon shekarar ya tura ɗimbin mutane buɗe asusu a waya, ciki har da iyayenmu da ba su taɓa hulɗa da banki ba, kuma babu wanda ya zaunar da su ya yi musu bayani.

Sanin sunanka da ranar haihuwarka, ko ma BVN ɗinka, ba ya nuna mai kiran daga banki yake. Irin waɗannan bayanai na yawo: fom da muka cike a wurare barkatai, kwafin katin shaida da aka bari a shagon hoto, rajistar bogi da muka yi a wani linki bara. Abin da ba shi da shi shi ne abin da yake roƙonka. Banki ba ya tambayar lambar sirrinka, ko OTP, ko kalmar shiga manhaja, ko alƙaluma uku na bayan kati, ko ta waya ko ta saƙo. Duk wanda ya tambayi ɗaya daga ciki, zance ya ƙare. Ba sai ka yi musu da shi ba. Ka ce, "To, zan je reshe da kaina," ka kashe. In ya ce ai kafin ka je an rufe, ya ƙara tona kansa. Kuma ka saba karanta saƙon da lambar ta zo a ciki. Sau da yawa a rubuce yake cewa lambar ta shiga sabuwar waya ce ko ta fitar da kuɗi kaza, har da gargaɗin kada a faɗa wa kowa, amma mai kiran na cika maka kunne don kada ka karanta.

Haka abin yake a zaurukan WhatsApp: wani zai kira ka ya ce shi ɗan zaurenku ne na tsofaffin ɗalibai ko na masallaci, za a yi taro ta intanet da daddare, an turo maka lambar shiga, karanto a sa sunanka. Lambar WhatsApp ɗinka ce.

Game da linki, koyi abu ɗaya ya ishe ka. Duba adireshin, ka nemo sandar farko mai karkata bayan sunan shafin, ka karanta abin da ke dab da ita ta hagu. Nan ne ainihin mai gidan. Shafukan gwamnatin Najeriya da .gov.ng suke ƙarewa. In ka ga sunan banki ko na hukuma a farko, amma ƙarshen wani baƙon abu ne, ko an sauya harafi ɗaya a sunan, ko an gajarce linkin yadda ba a ganin inda ya nufa, bar shi. Tambarin banki da launinsa kowa na iya kwafa, ɗan kwadon da ke gefen adireshi ma shafukan bogi na da shi. Shafin da ya ce ka tura wa mutum goma ko zaure biyar kafin ka karɓi kyauta, ƙarya ne daga sama har ƙasa. Ni dai dokar da na ɗora wa kaina ita ce ba na shiga asusuna ta linki ko daga wa ya fito. In saƙo ya ce akwai matsala, sai in rufe shi in buɗe manhajar da hannuna.

Abin da za ka yi yau da daddare

Sa wa sim ɗinka lambar sirri daga saitin waya, yadda in an cire shi aka sa a wata wayar ba zai yi aiki ba. Yi hattara a nan: kuskure uku na kulle shi sai da PUK, wadda ke jikin katin da sim ya zo a ciki, kuskure goma a PUK kuma na kashe shi gaba ɗaya, don haka nemi lambar asali daga kamfanin kafin ka fara. Daina amfani da shekarar haihuwa ko 1234. Ɓoye saƙonni daga fuskar waya idan tana kulle. Rage iyakar abin da za a iya fitarwa a rana zuwa abin da kake buƙata da gaske, in kuma ba ka amfani da lambobin dannawa wajen tura kuɗi, sa banki ya rufe maka su. Ɗan kasuwa ya raba: asusun da ake ba kowa lambarsa daban, na ajiyar jari daban, ba kati, ba a kan layin da kowa ya sani ba. A wurin mai POS kada ka faɗi lambar sirri da baki, kada katin ya bar idonka, ka rufe da tafin hannu.

Ina kuma roƙon matasanmu: wanda ya ce ka ara masa asusunka a turo kuɗi ya ba ka wani abu, ko ya sayi asusun da ka buɗe da BVN ɗinka, kuɗin irin su yayana ne za su bi ta kanka. Ranar da aka bi sawu, sunanka za a tarar, kai za a kama, kuma BVN ɗinka na iya shiga jerin waɗanda bankuna ke sa wa ido.

Bayan abin da ya faru na zauna da Yaya da Hajiyarmu na rubuta wa kowannensu 'yar takarda: lambar kulle asusun bankinsa, lambar kiran bankin, lambar asusun, da lambar wayata. Ban rubuta lambar sirri ko ɗaya a ciki ba. Na ce kada a ajiye ta a bayan waya, don in wayar ta tafi ba za ta tafi da ita ba. Ta Yaya tana cikin littafin bashin shago, ta Hajiya kuma tana cikin jakar da take ajiye katin asibiti.